Ciwon Shugaba a Gaban Kyamara

Ranar 3 ga Satumba 1939, Sarki George na Shida na Ingila ya yi jawabi ta rediyo, ya sanar wa talakawansa cewa ƙasarsu ta shiga yaƙi da Jamus. Fim ɗin The King's Speech na 2010 ya ɗauki wannan rana ya mayar da ita ƙololuwar labarinsa. Ɗaki ne ɗan ƙarami da aka lulluɓe bangonsa da yadi. Daga sarki sai makirufo sai Lionel Logue, ɗan Ostireliyar da ke yi masa maganin in'ina, yana tsaye gabansa yana motsa leɓe da hannu don ya ja shi. Sarki ya buɗe baki, kalmar farko ta maƙale, muƙamuƙinsa na rawa. Mai kallo ma numfashinsa tsayawa yake yi. Da jawabin ya kai ƙarshe ba tare da ya karye ba, sai ma'aikatan fada suka ɗau tafi, kai ma ka ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinka.

Sai daga baya za ka tuna abin da aka sanar a cikin jawabin: yaƙin da zai ci rayukan mutane sama da miliyan 50. Amma ka tashi daga kallon da farin ciki, saboda harshen mutum ɗaya ya warware.

Ban kawo wannan don in rage wa fim ɗin daraja ba. Duk wanda ya zauna da mai in'ina ya san azabar da ke cikin a ce magana tana bakinka ta ƙi fita, kuma David Seidler, wanda ya rubuta labarin, shi kansa ya yi fama da in'ina yana yaro. Na kawo shi ne saboda ya nuna ƙarfin da ke hannun mai yin fim a fili. Inda duk ya ajiye kyamara, nan tausayinmu ke taruwa. Idan ya ajiye ta a ɗakin kwanan shugaba, mu ma can za mu tsaya, waɗanda ake mulka kuma su koma taron da ake hangowa ta taga.

Me ya sa masu fim suka fi son shiga ɗakin kwana a kan zauren majalisa? Dalilin farko na cikin sana'ar ne. Mulki aikin takarda ne da zaman taro da jira da ƙirga ƙuri'a. Dokar harajin da za ta sauya rayuwar miliyoyin mutane, a gaban kyamara mutum ne kawai zaune yana sa hannu. Darakta awa biyu gare shi, ko biyu da rabi, kuma babu abin da kyamara ta ƙware a kai kamar fuskar ɗan Adam. Labarin zuciya a tambayi fuska. Don haka marubuci kan bincika rayuwar shugaba ya nemo rauni guda, ciwon jiki ko mutuwar ɗa ko aure mai tangal-tangal ko kaɗaicin tsufa, ya ɗora duk labarin a kansa. Mai kallo bai taɓa shugabantar ƙasa ba, amma ya san rashi, ya san kunya, ya san faɗan cikin gida. Ta nan ake kamo shi.

Dalili na biyu kasuwa ce. Irin wannan rawa ita ce ke kawo lambar yabo. Ben Kingsley ya ci Oscar a 1983 da ya fito a matsayin Gandhi, Forest Whitaker a 2007 da Idi Amin, Colin Firth a 2011 da Sarki George, Meryl Streep a 2012 da Margaret Thatcher, Daniel Day-Lewis a 2013 da Abraham Lincoln, Gary Oldman a 2018 da Winston Churchill. Furodusoshi sun ga wannan jeri, sun kuma san me yake nufi ga aljihunsu.

A da, masu mulki ɓoye rauninsu suke yi iyakar ƙarfinsu. Franklin Roosevelt ya shanye daga ƙugu zuwa ƙasa a 1921 yana ɗan shekara 39, bayan ciwon da likitoci suka ce shan inna ne. Sau huɗu Amurkawa suna zaɓensa shugaban ƙasa, amma hotunansa a kan keken guragu 'yan ƙalilan ne ƙwarai, domin shi da muƙarrabansa sun tsare, 'yan jarida kuma sun kawar da kai. A Tarayyar Sobiyet abin ya wuce nan. Sergei Eisenstein ya yi fim a kan Sarki Ivan na Rasha, kashi na farko ya nuna jarumin da ya haɗa kan ƙasa, aka ba shi lambar yabo mai sunan Stalin, shugaban Tarayyar a lokacin. Kashi na biyu ya nuna sarkin cikin zargi da shakka da tsoron na kusa da shi, sai jam'iyya ta haramta shi a 1946, tana ƙorafin an mayar da Ivan rarrauna mai taraddadi. Bai fito ba sai 1958, bayan Eisenstein da Stalin duk sun mutu. Stalin ya gane cewa duk wanda ya ga sarki mai shakka a majigi zai iya tunanin na kan karaga ma haka yake. Irin fim ɗin da yake so shi ne The Fall of Berlin na 1950, inda aka nuna shi cikin fararen kayan soja yana saukowa daga jirgin sama a Berlin jama'a na yi masa shewa, abin da bai taɓa faruwa ba.

Yanzu lissafin ya juya. 'Yan siyasa sun fahimci cewa wahalar da aka nuna da kyau tana sayen ƙauna fiye da fararen kaya. A 2019 an shirya fitar da fim a kan Firaminista Narendra Modi, mai bin rayuwarsa tun yana yaro mai sayar da shayi, daidai lokacin da za a fara babban zaɓen Indiya. Hukumar zaɓe ta dakatar da shi, bai fito ba sai 24 ga Mayu, kwana ɗaya bayan sanar da sakamako. Hukumar ta ga abin da Stalin ya gani, sai dai ta ɗaya fuskar.

To yaya za a bambance fim ɗin da ya yi amfani da ciwon shugaba don ya fahimtar da mu mulkinsa, da wanda ya yi amfani da shi don ya lulluɓe mulkin? Ni a wurina, fim ɗin Lincoln na Steven Spielberg, na 2012, shi ne ya fi dacewa a tsaya a kansa.

Bai ɗauko rayuwar mutumin tun daga haihuwa ba. Kusan duk labarin a watan Janairun 1865 yake, ana tsaka da yaƙin basasar Amurka, lokacin da shugaban ƙasa Lincoln ke fafutukar ganin majalisar wakilai ta amince da gyara na 13 ga kundin tsarin mulki, wanda zai haramta bauta. Ɗansa Willie ya mutu a fadar shugaban ƙasa a 1862 yana ɗan shekara 11, matarsa Mary ba ta farfaɗo daga wannan rashi ba. Akwai wata fitowa da dare, Lincoln ya shigo ɗaki ya tarar da ƙaramin ɗansa Tad ya yi barci a ƙasa gaban murhu, kusa da shi akwai hotunan gilashi na 'ya'yan bayi. Ya ɗaga hoton ya duba a hasken wuta, sannan wannan dogon mutum ya kwanta a ƙasa kusa da yaron, ya goya shi ya kai shi gado. Babu doguwar magana. An haɗa ɗansa da 'ya'yan wasu a cikin kallo ɗaya.

Sai kuma babban ɗansa Robert ya dage sai ya shiga soja. Mary ta ce ba za ta binne wani ɗan kuma saboda wannan yaƙi ba, suka yi faɗa mai zafi a ɗaki. A daidai wannan lokaci Lincoln na jan ƙafa wajen karɓar wakilan sulhu na 'yan tawayen Kudu, domin ya san idan majalisa ta ji ƙamshin sulhu ba za ta amince da gyaran ba. Ke nan kowace rana da ya ƙara, 'ya'yan wasu ne ke mutuwa a yaƙin da ya ci rayuka sama da dubu 600, shi kuma yana neman tsare nasa. Fim ɗin bai wanke shi ba. Ya nuna yadda aka yi ta rabon muƙamai don sayen ƙuri'u, ya nuna takardar da ya aika wa majalisa da kalmomi masu harshen damo a kan ko wakilan sulhun sun iso. Ranar 31 ga Janairu aka kaɗa ƙuri'a, 119 suka amince, 56 suka ƙi. A nan baƙin cikin uba da hukuncin shugaba abu ɗaya ne, ba za ka iya cire ɗaya ka bar ɗaya ba. Abin da na fi jin zafinsa a fim ɗin shi ne baƙar fata, waɗanda kusan dubu 180 daga cikinsu suka yi yaƙin a rundunar Arewa, yawanci suna gefe suna jiran a yanke musu hukunci, kuma Frederick Douglass, fitaccen baƙar fata mai fafutukar kawar da bauta, bai fito ba sam.

Kwatanta wannan da The Iron Lady na 2011, fim ɗin da aka yi a kan Margaret Thatcher. An buɗe shi da tsohuwa tukuf tana sayen madara a kanti babu wanda ya gane ta. Ta koma gida tana hira da mijinta Denis, wanda ya mutu tun 2003. Ciwon mantuwa ya kama ta. Meryl Streep ta yi aikin da ba a iya musantawa, kuma duk mai tsoho a gida zai ji abin a jikinsa. Amma Thatcher ta mulki Birtaniya daga 1979 zuwa 1990, ta sayar da kamfanonin gwamnati, ta karya yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985, wanda garuruwa da yawa ba su tashi daga bayansa ba. Su wa muka gani daga cikin waɗannan mutane? Guntayen hotunan labarai, da fuskoki masu fushi suna dukan gilashin motarta, mu kuwa muna cikin motar tare da ita. A yaƙin tsibiran Falkland na 1982 mun ga tana rubuta wa iyalan sojojin Birtaniya wasiƙar ta'aziyya da hannunta. Mutum 323 da suka mutu a jirgin ruwan Ajantina, Belgrano, wanda ta ba da izinin nitsarwa, ba mu shiga gidan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ciwon mantuwar bai bayyana ko hukunci ɗaya da ta yanke ba, domin bayan ta bar mulki da shekaru ya same ta. Aikinsa kawai ya tausasa zuciyar mai kallo. Masoyanta sun ga an ci mutuncinta, tun da tana raye a lokacin, sai Afrilun 2013 ta mutu. Maƙiyanta sun ga an wanke ta. Ni ina ganin dukansu suna da gaskiya, kuma tushen laifin ɗaya ne.

Tambayar ta fi tsanani idan shugaban azzalumi ne. A 2004 fim ɗin Jamus mai suna Der Untergang ya nuna kwanakin ƙarshe na Hitila a maɓoyarsa ta ƙarƙashin ƙasa a Berlin, cikin Afrilun 1945. Bruno Ganz ya fito da shi tsoho mai ranƙwafawa, hannun hagunsa na karkarwa yana ɓoye shi a baya, mai tausasa murya ga sakatariyarsa, mai son karyarsa. Jamusawa suka yi ta muhawara: ya halatta a nuna shi a matsayin mutum? Ina tare da masu cewa ya halatta, har ma ya wajaba. Idan aka mayar da azzalumi dodo, an sauke wa waɗanda suka bi shi nauyi, an kuma hana 'yan baya gane na gaba idan ya zo da fara'a. Kuma fim ɗin bai tsaya ga karkarwar hannu ba. Ya nuna mutumin yana cewa ba zai zubar wa jama'arsa hawaye ba, ya nuna shi yana shafa kumatun yaran da aka tura yaƙi, ya nuna Magda Goebbels, matar ministan farfagandarsa, tana sa wa 'ya'yanta shida guba a baki ɗaya bayan ɗaya suna barci. Duk da haka, Yahudawa miliyan 6 da aka halaka ba su da fuska a cikinsa. Sai dai daraktan ya rufe fim ɗin da ainihin sakatariyar, Traudl Junge, tana tsohuwa, tana ba da labarin ranar da ta wuce allon tunawa da Sophie Scholl, yarinyar da aka kashe a 1943 saboda adawa da mulkin Nazi, ta ga kusan sa'arta ce, ta gane cewa ƙuruciya ba uzuri ba ce.

Idan aka zo kan shugabannin Afirka sai wata matsala ta ƙaru, wato ta idon wa ake kallonsu. The Last King of Scotland na 2006 ya nuna Idi Amin, wanda ya mulki Yuganda daga 1971 zuwa 1979, da barkwancinsa da tsoronsa da fushinsa na farat ɗaya. Amma duk abin da muka gani, ta idon wani matashin likita Bature ɗan Sikotlan muka gan shi, kuma wannan likita ƙagagge ne, ba a taɓa yin sa ba. Kay Amin kuwa mace ce ta gaske, matar Amin, da ta mutu mummunar mutuwa a 1974. Fim ɗin ya ɗauki mutuwarta ya ɗaura a kan soyayya da mutumin da babu shi, ya mayar da ita darasin da Bature zai koya kafin ya tsere. Babban jojin ƙasar Benedicto Kiwanuka, da aka kashe a 1972, da babban limamin cocin Angilika Janani Luwum, da aka kashe a 1977, su ne suka tsaya gaban Amin da rayukansu, amma ba a gina labarin a kansu ba.

Raoul Peck, ɗan Haiti da ya tashi a Kwango, wata hanya ya bi a fim ɗinsa Lumumba na 2000, a kan Patrice Lumumba, Firaministan Kwango na farko. Ya fara ne daga gawa: Turawan Beljiyam biyu suna daddatsa jikin mutumin da dare don kada a sami kabarinsa. Rayuwar gida kaɗan ce a ciki, amma inda ta fito, tana da nauyi. Lokacin da Patrice Lumumba ya tsere daga ɗaurin talala ya kai kogin Sankuru, ya haye, sai sojoji suka cimma matarsa Pauline da ɗansu a ɗaya gaɓar, ya dawo, aka kama shi. An kashe shi ranar 17 ga Janairu 1961 yana ɗan shekara 35. Peck bai bar tausayin ya rufe hannayen da suka yi aikin ba, na Beljiyam da na Amurka da na 'yan ƙasarsa. Sai a 2002 Beljiyam ta nemi afuwa, sai a 2022 ta mayar wa iyalansa haƙorinsa, abin da kaɗai ya rage na jikinsa.

Akwai kuma wahalar da fim kan danƙa wa shugaba alhali iyalinsa ne suka fi shan ta. Nelson Mandela ya yi shekara 27 a kurkuku, mahaifiyarsa ta rasu a 1968, babban ɗansa Thembekile ya mutu a haɗarin mota a 1969, duka an hana shi zuwa jana'iza. Fim ɗin rayuwarsa na 2013 ya cancanci yabo da ya nuna yadda aurensa na farko da Evelyn ya mutu ba tare da ya ɓoye laifinsa ba, ya kuma nuna matarsa ta biyu, Winnie, a ɗakin kaɗaici na kurkuku sama da shekara guda, har mai kallo ya fahimci inda ɗacinta ya samo asali. Fim ɗin Gandhi na 1982, wanda gwamnatin Indiya ta zuba kuɗi mai tsoka a ciki, ya wuce awa uku amma kusan babu labarin Harilal, babban ɗan da uban ya hana zuwa Ingila karatun lauya, wanda ya ƙare cikin shaye-shaye da talauci, ya mutu a asibiti a Bombay a Yunin 1948, 'yan watanni bayan an harbe mahaifinsa. Sai a 2007 wasu 'yan Indiya suka yi fim a kansa.

Sauran abin da ya rage shi ne ƙage. Kowane fim na tarihi yana matse lokaci, yana haɗa mutum uku su zama ɗaya, wannan ba laifi ba ne. Logue ya fara jinyar sarki tun 1926, fim ya matso da abin kusa da yaƙi, ba a cuci kowa ba. Amma fim ɗin ya nuna Churchill yana ƙarfafa wa George gwiwa a rikicin murabus na 1936, alhali wan George ɗin, Sarki Edward da ya sauka daga sarauta, shi ya mara wa baya, ya kuma tsallake ranar da sarkin ya fito da Firaminista Chamberlain barandar fada a 1938 don murnar yarjejeniyar da ya ƙulla da Hitila a Munich. Darkest Hour na 2017 ya saka Churchill a jirgin ƙasa na ƙarƙashin Landan yana neman shawarar talakawa ko a ci gaba da yaƙi, abin da bai faru ba. Irin waɗannan duk a gefe ɗaya suke faɗawa, gefen ƙara wa shugaba kwarjini.

Waɗannan aƙalla ana iya kama su, domin akwai takardu. Da fim ɗin Lincoln ya nuna wakilan jihar Connecticut biyu suna ƙin gyaran kundin, ɗan majalisa Joe Courtney ya binciko rajista a 2013, ya nuna cewa duk wakilan jihar huɗu amincewa suka yi. Amma wa zai binciko abin da Lincoln ya faɗa wa Mary a ɗaki da tsakar dare, ko abin da Thatcher ke gani idan ta kaɗaita? Fitowar da ta fi ƙarancin hujja ita ce ta fi zama a zuciya, kuma daga ita muke yanke wa mutumin hukunci. Marubucin da ke rubuta ta yana da 'yanci fiye da ko'ina a cikin labarin, nauyin da ke kansa ma a nan ya fi yawa.

Wannan ne ya jawo ce-ce-ku-ce a kan The Crown, shirin Netflix mai dogon zango a kan gidan sarautar Ingila. A 2020 ministan al'adun Birtaniya Oliver Dowden ya nemi a riƙa sa sanarwa a farkon kowane kashi cewa ƙirƙira ce aka gina a kan tarihi, kamfanin ya ƙi. A 2022 tsohon Firaminista John Major ya ƙaryata wata fitowa da ta nuna Yarima Charles yana tuntuɓarsa a asirce kan yiwuwar mahaifiyarsa ta sauka daga gadon sarauta. Bayan matsin lamba, Netflix ya ƙara jimlar da ke cewa wasan ƙirƙira ne a ƙarƙashin tallar zango na biyar a intanet. A ganina bai wadatar ba, domin wanda ya zauna kallon shirin kansa ba zai ga jimlar a allonsa ba, kuma yawancin masu kallo a duniya ba su da wata hanyar sanin mutanen nan sai shi.